Folda ta koma kwamfuta, amma har yanzu leda ce ke gaya wa likita maganin da Gwaggo take sha

Watan jiya na raka gwaggona wajen likita, wani ƙaramin asibitin kuɗi ne da take zuwa kusan shekara shida kenan sabida hawan jini da ciwon suga, kuma tun bara suka ajiye folda suka koma kwamfuta, lokacin har murna muka yi don ba ƙaramar wahala muka sha ba da zancen "foldarki ba a gan ta ba, ku ɗan jira". Toh mun shiga, sabon likita ne, matashi mai ladabi, ya gaishe ta har da russunawa, ya buɗe shafinta yana gangarawa ƙasa yana ta gangarawa, can sai ya ɗago yace "Hajiya, yanzu wane magani da wane kike sha?" Gwaggo ta jawo ledarta ta zazzage masa kwalaye a kan tebur. Komai nata yana cikin kwamfutar nan fa, duk zuwan da ta yi an shigar, amma ledar ce ta amsa masa tambayar.

Ni ban ga laifinsa ba wallahi. Na leƙa allon, abin da ke gabansa doguwar jela ce ta rubutu, ranar kaza ta zo da ciwon kai, ranar kaza an auna jini, ranar kaza zazzaɓi, ranar kaza an canza magani amma ba a faɗi dalili ba, ga kuma mutane cike a benci suna jiransa. A mintuna goma wa zai iya karance shekara shida? Tun ranar abin yake cina, sabida mutane da yawa suna ɗauka da zarar an sayi manhaja an jona kwamfuta toh an gama gyara bayanan marasa lafiya, alhali kuwa idan yadda ake cusa takardu a folda haka aka cusa su a kwamfuta, shirgin ne kawai aka kwashe daga wannan ɗaki aka zuba a wancan.

Aikin likitan iyali daban yake da na sauran likitoci, kuma daga nan wahalar take farawa. Likitan tiyata zai gan ka sabida abu ɗaya, ya yi maka aiki, ka warke ku rabu. Shi kuwa likitan iyali mutum ɗaya yake riƙewa shekara ashirin ko talatin, da hawan jininsa da olsarsa da ciwon gwiwarsa da damuwar da ta same shi bayan rasuwar matarsa, duk a tare, wani ciwon ya zo ya wuce cikin sati, wani kuma ya zauna har ƙarshen rayuwa. Jera irin wannan tarihi bisa ranar zuwa kamar littafin bashin mai kanti yake, ya dace da lissafin kuɗi amma bai dace da jinya ba, don tambayar da likita yake yi a ransa ita ce ina labarin sugan matar nan ya kwana, ba me ya faru ranar Talatar bara ba.

Wani likita Ba'amurke mai suna Lawrence Weed ne ya fito da wannan magana fili a 1968, a rubutun da ya yi a mujallar New England Journal of Medicine. Shawararsa mai sauƙin faɗa ce: a saman bayanan kowane mara lafiya a ajiye jerin matsalolinsa, kowace da lambarta, sannan duk abin da aka rubuta, gwaji ne ko magani ko wasiƙa, a rataya shi a ƙarƙashin matsalar da ya shafa. Daga wajensa ne tsarin rubutun da likitoci suke kira SOAP ya samo asali, wato a fara da abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa, sai abin da likita ya gani ko ya auna, sai fahimtar da ya yi, sai abin da aka tsai da za a yi. Ɗaliban likita har a nan ƙasar ana koya musu SOAP ɗin, amma jerin matsalolin, wanda shine kashin bayan abin, shi ake yawan bari a baya.

Inda aka fi daɗewa ana fama da wannan a kwamfuta shine Ingila, kuma labarinsu akwai abin dubawa. A can kusan kowa yana da rajista da asibitin likitan unguwa, wanda suke ce wa GP, kuma wajen wannan likitan ne cikakken tarihin mutum yake zama tun daga haihuwa. Da can a wata 'yar ambulan ta kwali suke ajiye shi, suna ce mata Lloyd George, sunan ministan kuɗin da ya kawo dokar inshorar ƙasa ta 1911, kuma idan ka canza gari ambulan ɗin binka take wajen sabon likita. Har 'yan shekarun nan suna ta fama da ɗaukar hoton waɗannan tsofaffin takardu suna zubawa a kwamfuta. A farkon shekarun 1980 wani likitan unguwa a garin Loughborough mai suna James Read ya ƙirƙiro lambobi na cututtuka da gwaje-gwaje da magunguna, gwamnati ta saye su a 1990, aka yi ta amfani da su har zuwa 2018 lokacin da aka fara komawa wani tsari mafi girma mai suna SNOMED CT, wanda yake da ma'anoni sama da 300,000. Yau mafi yawan asibitocin unguwa a Ingila ɗaya cikin manhajoji biyu suke amfani da ita, EMIS Web ko SystmOne, kuma akwai hanyar da suke kira GP2GP da take tura bayanan mutum gaba ɗaya daga tsohon likita zuwa sabo.

Wani zai ce meye amfanin lamba, ba rubutu ne rubutu ba? Toh kaga, a kan hawan jini kaɗai likita ɗaya zai rubuta HTN, na biyu ya rubuta "high BP", na uku ya rubuta cikakkiyar kalmar da kuskuren harafi, na huɗu ma bai rubuta ba don yana ganin ai kowa ya sani. Ɗan adam zai gane duk abu ɗaya ake nufi, kwamfuta kuwa ba za ta gane ba. Amma idan an saka lamba, misali hawan jini I10 ne a tsarin lambobin cututtuka na ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko K86 a tsarin ICPC na likitocin iyali, sai ka iya ce wa manhaja ta fito maka da duk masu hawan jinin da ba a auna su ba cikin wata shida, ko duk masu suga da ba a duba ƙodarsu ba a bana, ta fito da su cikin daƙiƙa a kira su a waya. Wannan shine abin da folda ba za ta taɓa iya yi maka ba, kuma shine ainihin ribar kwamfuta, sauran duk ƙawa ce. A Ingila abin da ya sa likitoci suka dage da saka lamba ba wa'azi ba ne, tun 2004 aka ɗaure wani ɓangare na kuɗin da ake biyansu da yadda suke kula da masu cututtuka irin su suga da hawan jini da asma, kuma daga lambobin da ke cikin manhaja ake ciro lissafin, wanda bai saka lamba ba bai ga kuɗi ba.

Ni a ganina ICPC ɗin nan ya fi dacewa da ƙaramin asibiti irin namu. Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, WONCA, ita ta fitar da shi a 1987, babi 17 ne kawai, harafi ɗaya da lamba biyu, maleriya A73, suga irin na manya T90, kuma likitocin iyali a Holan da Norway sun daɗe suna aiki da shi. Abin da ya burge ni da shi shine ya yarda likita ya tsaya a kan abin da ya kawo mutum, zazzaɓi ne ya saka zazzaɓi, ciwon kai ne ya saka ciwon kai, ba sai ya laƙaba sunan cutar da bai tabbatar ba. Mu kuwa nan kowa ya san yadda ake yi, mutum ya zo da zazzaɓi a yi masa gwajin Widal a ce maleriya da taifod, alhali likitoci da kansu sun san gwajin Widal sau ɗaya ba ya tabbatar da taifod. A folda wannan rubutu zai nutse a manta da shi, amma a kwamfuta idan an saka masa lamba ya zauna daram, sai ka ga mutum ɗaya an rubuta ya yi taifod sau tara, duk likitan da ya zo daga baya kuma da wannan idon zai kalle shi.

Hatsarin lamba kenan, tana da wuyar gogewa kuma ana yarda da ita fiye da kima. Nas ta so ta shigar da cewa mahaifin mutum yana da suga, hannunta ya zame ta zaɓi ciwon sugan kansa, shikenan an mai da lafiyayye mai suga, za a riƙa kiransa gwaji, idan akwai inshora ma abin ya shafe shi. Ko likita yana zargin tarin fuka ne kawai ya tura gwaji, aka saka lambar tarin fuka, gwaji ya dawo babu komai amma ba wanda ya koma ya gyara. Shi ya sa manhaja mai kyau take bambance abin da ake zargi da abin da aka tabbatar da abin da yake a dangi, kuma idan za a gyara kuskure ba sharewa ake yi ba, ana soke shi ne a bar alamar wanda ya gyara da ranar da dalili.

Sai kuma maganar ciyayi, don jerin matsaloli kamar gona yake, idan ba a nome shi sai ya cushe. A EMIS Web ana raba matsaloli gida biyu ta fuska biyu, mai ci yanzu ko wadda ta wuce, babba ko ƙarama. Murar da aka yi a 2019 ƙarama ce kuma ta wuce, bai kamata ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da sikila ba. Amma tiyatar haihuwa, ko da shekara goma da yi, babba ce da ta wuce, dole ta tsaya inda ido zai gan ta sabida ciki na gaba. Haka nan idan ciwo ɗaya ya canza suna a hanya, yau "yawan fitsari", gobe "suga ya ɗan hau", jibi a tabbatar ciwon suga ne, toh a haɗe su su zama labari ɗaya ba uku ba. Wannan aiki manhaja ba ta yinsa da kanta, mutum ne mai ilimin jinya zai zauna ya yi. A Ingila akwai ma'aikatan da aikinsu kenan, su karanta tsofaffin takardu su tsamo muhimman abubuwa su saka musu lamba. Mu nan sai a ɗauko yaro mai saurin buga rubutu a ce ya kwafe folda dubu uku cikin wata guda, bai san bambancin abin da ya kamata ya hau sama da wanda za a bari a ƙasa ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba.

Ɓangaren magani shine inda rai yake a hannu. Ya kamata a raba maganin da mutum zai yi ta sha kullum da wanda aka ba shi na kwana biyar, kowane a ɗaure shi da ciwon da aka bayar dominsa, kuma idan an tsai da magani a rubuta dalili ko da kalma uku ce. Misali lisinopril, wani maganin hawan jini, yana sa wasu busasshen tari, idan an cire shi ba a faɗi dalili ba wani likitan zai sake mayar da shi bayan shekara. Amma kuma wannan tarin illar magani ce, daban take da ace jikin mutum ba ya karɓar magani kwata-kwata, irin wanda ya sha Septrin ko Fansidar fatarsa ta saluɓe bakinsa ya yi gyambo, wanda hakan kan iya kisa. Idan aka zuba su duka a akwati ɗaya sai gargaɗi ya yi yawa, manhaja ta riƙa ƙara a kan kowane abu, likita ya gaji ya riƙa danna "wuce" ba tare da ya karanta ba, ranar da gargaɗin gaske ya fito shima a danne shi. Ga kuma namu na gida da manhajojin waje ba su yi tanadinsa ba, maganin da aka saya a kemis da jiƙe-jiƙen gargajiya, waɗanda in ba a tambaya ba ba wanda zai faɗa, in an tambaya kuma babu gurbin rubutawa sai su ɓace a cikin dogon rubutu.

Takardun da ke shigowa daga waje ma haka, wasiƙar babban asibiti, sakamakon hoton ƙirji, takardar sallama daga gado. Ɗaukar hotonsu a liƙa a shafin mutum yana da kyau amma hoto ne kawai, kwamfuta ba ta san abin da ke ciki ba. Sai wani ya karanta ya tsamo cewa likitan ƙoda yace a rage metformin, wato maganin suga, ya je ɓangaren magani ya gyara, ya sa wa takardar suna da kwanan wata da asibitin da ta fito.

Amma kafin duk wannan akwai tambayar da mu ta fi damunmu fiye da Turawa, wato wannan shafin na waye? A Ingila kowa yana da lambar hukumar lafiyar ƙasarsu, NHS, mai lambobi 10 da ke binsa ko'ina. Mu nan a unguwa ɗaya za ka samu A'isha Muhammad goma, wata an rubuta Aisha wata Aishatu wata Indo, wata da sunan uba wata da sunan miji, ranar haihuwa kuwa tsofaffi da yawa 1 ga Janairu aka saka musu don ba a sani ba, lambar waya ta maigida ce kuma ita ce a shafin matansa biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Mai rajista ya nema bai gani ba sai ya buɗe sabon shafi, tarihi ya rabu biyu, ko mafi muni ya buɗe na wata ya zuba bayanan wannan. Foldar iyali da aka saba da ita, inda gida guda suke da lamba ɗaya, tana da amfani don likita yana ganin sikila ko tarin fuka yana yawo a gida, amma a kwamfuta dole kowane rai ya samu shafinsa sannan a haɗa su da igiyar dangantaka. NIN mai lambobi 11 za ta taimaka ga masu ita, sai dai jarirai da tsofaffin karkara da yawa ba su da ita, don haka asibiti ya ba da tasa lambar a ɗan kati kuma ya kafa doka cewa ba a buɗe sabon shafi sai an nema ta hanya uku.

Sirri kuma ba zan wuce shi ba don a ƙaramin gari kowa ya san kowa. Folda mutum ɗaya ne zai iya ɗauka a lokaci guda, kwamfuta kuwa duk mai kalmar sirri zai iya buɗe shafin maƙwabciyarsa ya ga tana shan maganin HIV ko ta yi ɓari ko tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan labari in ya fita aure yake kashewa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ajiye bayanan mara lafiya da rufe sirrinsu, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta saka bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Amma a aikace abin da ke kare mutum shine kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirrin, mai karɓar kuɗi ba ya ganin abin da likita ya rubuta, manhaja kuma tana ajiye sawun duk wanda ya buɗe shafi. Na sha ganin wurin da kalmar sirri ɗaya ce aka rubuta a takarda aka manna a jikin allo kowa na amfani da ita, a irin wannan wuri in an yi ɓarna ba wanda za a kama.

Sai wuta. NEPA ta ɗauke, jannareto ba mai, likita ya koma rubutu a takarda da niyyar za a shigar daga baya, bayan nan kuma ba ya zuwa, sai tarihin mutum ya zama da ramuka ba wanda ya san akwai su. Ko Ingila da ba ta da matsalar wuta ta ɗanɗana, a watan Mayu 2017 harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya kulle kwamfutocin asibitoci da dama har da na likitocin unguwa kusan 600, aka soke dubban alƙawuran ganin likita. Sola da batir da kwafin bayanai da ake ajiyewa a wani wuri daban kuma a riƙa gwada shi lokaci-lokaci, waɗannan cikin kuɗin manhaja ya kamata a lissafa su tun farko. Kuma kada a ɗauka kuɗi mai yawa ne maganin abin, gwamnatin Ingila ta ƙaddamar da wani gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan asibitoci a tsari ɗaya daga sama, aka rushe shi a 2011, kuɗin da ya lashe ya kai wajen fam biliyan 10, alhali manhajojin likitocin unguwa da suka taso daga hannun masu aikin da kansu suna nan suna aiki. A nan gida ma ba daga sifili za a fara ba, akwai manhajar ajiye bayanan marasa lafiya mai suna OpenMRS, kyauta ce, tun 2004 aka fara ta don asibitocin masu HIV a Eldoret ta Kenya, kuma a kanta aka gina NMRS da cibiyoyin HIV da yawa a Najeriya suke amfani da ita. Kada dai a rikita ta da manhajar DHIS2 da ake tura wa gwamnati alƙaluman wata-wata ta cikinta, a wannan aikin yawan mutane ake ƙirgawa, ba labarin mutum ɗaya ake ajiyewa ba.

Da muka koma bayan sati biyu likitan nan ya ware lokaci, ya ce min "Yallaɓai, ka ɗan taya ni da abin da ka sani", muka zauna shi da ni da Gwaggo kusan minti arba'in. Ashe shafi biyu take da shi, ɗaya da sunan mahaifinta ɗaya da sunan marigayi mijinta, kuma gwajin ƙodar da aka yi mata bara wanda ya nuna ta fara rauni yana cikin wanda ba a buɗewa. A cikin ledar kuma akwai diclofenac da take saya a kemis sabida gwiwa, kusan kullum take sha, maganin da mai hawan jini da raunin ƙoda bai kamata ya lazimta ba, kuma babu shi a ko ɗaya daga shafukan biyu. Ya haɗe shafukan, ya jera matsalolinta guda biyar a sama, hawan jini, suga, ƙoda, gwiwa, da tiyatar ido da aka yi mata, ya rataya kowane magani a ƙarƙashin nasa, ya tsai da diclofenac ya rubuta dalili, ya tura ta sabon gwajin ƙoda. Da za mu fita yace "Hajiya, duk da haka ledar nan ki riƙa zuwa da ita kowane zuwa, abin da kika saya a waje ta nan kawai zan gani." Nan da wata uku za ta koma, kuma na riga na gaya wa ɗanta ya raka ta ya tabbatar shafin da aka haɗe ɗin aka buɗe.